Namijin da Doka Ba Ta Gani: Fashin Baƙi kan Dokokin Fyaɗe da Cin Zarafi a Wurin Aiki a Indiya

Ranar 1 ga Yulin 2024 ƙasar Indiya ta ajiye kundin hukunta laifukan da ta gada daga Turawan mulkin mallaka tun 1860, ta maye gurbinsa da sabo mai suna Bharatiya Nyaya Sanhita. Gwamnati ta gabatar da sauyin a matsayin raba ƙasar da ragowar dokokin Ingila, amma cikin tsofaffin sassan da aka zubar har da sashe na 377, wanda shi kaɗai ne babban namiji yake iya dogara da shi idan wani ya yi masa fyaɗe, kuma ba a kawo komai a madadinsa ba. Saboda haka a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a duniya, namijin da ya kai shekara 18 wanda aka danne aka yi lalata da shi da ƙarfi ba shi da ƙarar fyaɗen da zai shigar. Iyakar abin da 'yan sanda za su iya rubutawa shi ne duka, ko jin rauni, ko tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ko barazana, alhali ainihin abin da aka yi masa ba shi da suna a kundin.

Masu cewa dokokin Indiya suna nuna wa maza bambanci sukan haɗa koke biyu wuri guda, kuma wannan haɗin ne yake dagula muhawarar. Koke na farko shi ne namijin da aka zalunta ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na biyu shi ne namijin da aka zarga yana iya rasa aikinsa da mutuncinsa kafin a tabbatar da komai a kansa. Na farkon a rubuce yake ƙarara cikin dokokin, duk wanda ya buɗe zai gani. Na biyun yana da ƙamshin gaskiya a wasu wurare, amma sau da yawa ana kambama shi fiye da abin da hujja za ta iya ɗauka, har ya zama makamin jifan matan da suka kai ƙara. A ganina na farkon ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, kuma shi ne ya fi sauƙin gyarawa.

Sashe na 63 na sabon kundin, wanda ya gaji sashe na 375 na tsohon, ya fara ne da cewa namiji ne yake aikata fyaɗe, kuma mace ce ake yi wa. Hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Sashe na 75, wanda ya yi magana kan neman lalata, da taɓa jiki ba da yarda ba, da nuna hotunan batsa, da kalaman batsa, shi ma da namiji ya fara a matsayin mai laifi. Haka sashe na 78 da ya haramta bibiyar mutum a fili ko ta intanet: mai bibiya namiji, wadda ake bibiya mace. A wasu sassan, kamar na tuɓe wa mace tufafi da na leƙen tsiraici, sabon kundin ya buɗe ɓangaren mai laifi ta yadda mace ma za a iya tuhumarta, amma ɓangaren wanda aka zalunta ya bar shi ga mace kaɗai. Wannan ya nuna cewa masu rubuta kundin sun san da batun jinsi, sun taɓa shi a inda suka ga dama, sun kuma bar shi a inda suka ga dama.

Ba za a fahimci dalilin hakan ba sai an san irin wahalar da aka sha kafin a samu waɗannan dokoki. A 1972 aka zargi 'yan sanda biyu da yi wa wata yarinya mai suna Mathura fyaɗe a cikin ofishinsu a jihar Maharashtra, kuma a ƙarshen shekarun 1970 Kotun Ƙoli ta wanke su, tana kafa hujja da cewa ba a ga rauni a jikinta ba, wai alamar ba ta yi turjiya ba ke nan. Fushin da wannan hukunci ya tayar shi ya kai ga gyaran 1983, wanda ya tanadi cewa a wasu nau'o'in fyaɗe, kamar wanda ya faru a hannun hukuma, idan an tabbatar an sadu kuma matar ta shaida a kotu cewa ba ta yarda ba, kotu za ta ɗauka ba ta yarda ba. Sannan a 1992 aka yi wa Bhanwari Devi, ma'aikaciyar wani shirin gwamnatin jihar Rajasthan, fyaɗen taron dangi bayan ta yi ƙoƙarin hana aurar da wata jaririya a ƙauyensu, kuma kotun farko ta sallami waɗanda ake tuhuma a 1995. Ƙungiyoyin mata suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda a watan Agustan 1997, ƙarƙashin Babban Alƙali J.S. Verma, ta fitar da ƙa'idojin da aka sani da sunan Vishaka, waɗanda suka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata alhakin kare mata daga cin zarafi a wurin aiki. Kowace daga cikin dokokin nan jinin wata mace ne ya haife ta, kuma duk mai son yin magana kan haƙƙin maza da gaskiya dole ne ya fara da amincewa da wannan.

Sai dai tun da wuri akwai masana shari'a a Indiya da suka ga cewa kare mata ba ya buƙatar a rufe ido daga maza. A shekarar 2000 Hukumar Bitar Dokoki ta ƙasar, a rahotonta na 172, ta ba da shawarar a sake fasalin laifin fyaɗe ta yadda zai shafi kowane jinsi. Shawarar ta kwanta har zuwa daren 16 ga Disamban 2012, lokacin da wasu maza suka yi wa wata ɗaliba fyaɗe da azaba a cikin motar bas a Delhi, abin da ya yi ajalinta bayan kwana 13 a wani asibiti a Singafo. Gwamnati ta kafa kwamitin mutum uku ƙarƙashin Mai Shari'a Verma, tare da Mai Shari'a Leila Seth da lauya Gopal Subramanium, suka miƙa rahoto ranar 23 ga Janairun 2013. Matsayin da suka ɗauka matsakaici ne: a bar mai aikata fyaɗe a matsayin namiji, amma wanda aka yi wa ya zama kowane mutum, mace ko namiji ko mata-maza. A watan Fabrairu gwamnati ta fitar da dokar wucin gadi da ta zarce shawarar kwamitin, ta buɗe ɓangarorin biyu duka, ma'ana mace ma za a iya tuhumarta. Ƙungiyoyin mata da dama suka yi ca a kai, kuma da majalisa ta zo kafa dokar dindindin, wadda aka sa wa hannu a watan Afrilun 2013, sai ta koma kan tsohon tsari baki ɗaya, ta watsar da matsayin gwamnati da na kwamitin Verma gaba ɗaya.

Hujjar ƙungiyoyin matan tana da nauyi, kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Sun ce a ƙasar da mace take shan baƙar wuya kafin 'yan sanda su yarda su rubuta ƙararta, idan aka bai wa namiji damar tuhumar mace da fyaɗe, abin da zai faru shi ne duk wadda ta kai ƙara za a mayar mata da martani da wata ƙarar, mai kuɗi da lauyoyi ya ce ai ita ce ta tilasta shi, sai ta tsorata ta janye. Wanda ya san yadda ake amfani da ƙara a matsayin sandar duka a kotunan ƙasashe masu tasowa ba zai raina wannan fargaba ba. Amma fargabar ta shafi buɗe ɓangaren mai laifi ne kawai. Ba ta da alaƙa da shawarar kwamitin Verma, domin a ƙarƙashin shawarar babu macen da za a tuhuma da fyaɗe, abin da kawai zai ƙaru shi ne namijin da wani namiji ya yi wa fyaɗe zai samu doka. Majalisa ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago: don ta toshe ƙarar ramuwa a kan mata, sai ta toshe ƙarar da ba ta taɓa kowace mace ba.

A wannan shekara ta 2013 aka kafa dokar cin zarafi a wurin aiki, wadda ake taƙaita sunanta da POSH, ta fara aiki ranar 9 ga Disamba. Sunanta ma ya faɗi waɗanda aka yi ta dominsu, domin cin zarafin mata a wurin aiki ta ambata. Ta wajabta wa duk ma'aikatar da take da ma'aikata 10 ko fiye ta kafa kwamitin cikin gida, wanda babbar ma'aikaciya mace za ta shugabanta, aƙalla rabin mambobinsa mata, da mutum ɗaya daga waje wanda ya san harkar. Ƙananan wuraren aiki da masu aikatau a gidaje kuma kwamitin gunduma ne yake sauraronsu. Mai ƙorafi tana da wata uku ta shigar da ƙara, ana iya ƙara mata wasu ukun, kuma dole a kammala bincike cikin kwana 90. Kwamitin yana da ikon kiran shaidu da neman takardu kamar kotu, yana iya ba da shawarar a sauya wa ɗayansu wurin aiki ko a bai wa matar hutun da zai kai wata uku kafin a gama, an haramta bayyana sunayensu, kuma ma'aikatar da ta ƙi kafa kwamiti tana fuskantar tarar da ta kai rupi 50,000, da yiwuwar soke lasisi idan ta maimaita.

Duk wannan tanadi mai kyau, wanda aka bai wa damar amfani da shi shi ne wadda dokar ta kira matar da aka zalunta. Wanda ake ƙara kuwa dokar ta kira shi mutum kawai, shi ya sa a 2020 Babbar Kotun Kalkata ta yanke cewa mace tana iya kai ƙarar mace 'yar uwarta a ƙarƙashin dokar. Ga yadda abin yake a aikace: idan shugabar ofis ta matsa wa sakatariyarta da neman lalata, akwai kwamiti, da wa'adi, da sirri, da kariya. Idan shugaban ofis namiji ya matsa wa matashin da ya ɗauka aiki jiya da irin wannan buƙata, yana yi masa barazanar kora, dokar ba ta san da zaman matashin ba. Manyan kamfanoni da dama, musamman na fasahar kwamfuta da bankuna masu rassa a ƙasashen waje, sun rubuta nasu ƙa'idojin da suka haɗa kowa da kowa, kuma wannan abin yabo ne, sai dai ƙa'idar kamfani alfarma ce da mai kamfani yake iya janyewa gobe, ba ta da ikon kiran shaida irin na doka, kuma ba ta kai ga mafi yawan ma'aikatan Indiya ba, waɗanda suke aiki a gidajen abinci, da wuraren gini, da ƙananan masana'antu, da garejin gyaran mota. Abin lura shi ne hukumar kula da jami'o'in ƙasar, a ƙa'idojinta na 2015, ta bai wa ɗalibai maza damar kai ƙorafin cin zarafi, kuma jami'o'in ba su rushe ba saboda haka. Saurayin da yake da inda zai kai kuka yana ɗalibi, ranar da ya kammala ya kama aiki sai ya rasa.

Labarin sashe na 377 ya fi wannan ciwo, domin shi kariya ce da ake da ita aka rasa. Sashen ya haramta abin da ya kira saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, da namiji ko mace ko dabba, bai damu da yarda ko rashinta ba, hukuncinsa kuma ɗaurin rai da rai ko ɗaurin da zai kai shekara 10. Ranar 6 ga Satumban 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar Navtej Singh Johar, ta cire abin da manya suka yi da yardarsu daga ƙarƙashinsa, amma ta faɗa a fili cewa sashen yana nan daram kan tilastawa, da kan yara, da kan dabbobi. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wancan hukunci, abin da ya rage na sashen bayan 2018 shi ne dokar fyaɗen maza a aikace. Da aka kawo daftarin sabon kundin a 2023 babu shi a ciki, kwamitin majalisa mai kula da harkokin cikin gida, wanda ɗan jam'iyya mai mulki yake shugabanta, ya ja hankalin gwamnati a rahotonsa na watan Nuwamba cewa a mayar da ɓangaren tilastawar. Gwamnati ba ta ɗauki shawarar ba, majalisa ta zartar da kundin a watan Disamba. A watan Agustan 2024 Babbar Kotun Delhi ta umarci gwamnati ta duba koken da aka kai kan giɓin, a watan Oktoba kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron wata ƙara makamanciya, tana mai cewa ƙirƙirar laifi aikin majalisa ne. Mata-maza da masu sauya jinsi su ma abin ya shafe su, domin dokarsu ta 2019 ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ne kacal kan cin zarafinsu ta hanyar lalata, alhali mafi ƙarancin hukuncin fyaɗen mace shekara 10 ne.

Indiya ba za ta ce ba ta iya rubuta dokar da ta haɗa kowa ba, domin ta rubuta. Dokar kare yara daga laifukan lalata ta 2012, wadda ake kira POCSO, ta kare duk wanda bai kai shekara 18 ba, yaro ko yarinya, kuma mai laifin yana iya zama namiji ko mace. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka share mata hanya shi ne binciken da ma'aikatar mata da yara ta fitar a 2007, wanda aka gudanar a jihohi 13 kan yara fiye da 12,000, inda kusan kashi 53 cikin 100 suka ce an taɓa cin zarafinsu ta wata fuskar lalata, kuma fiye da rabin waɗanda suka faɗi haka maza ne. Yaron da doka take karewa da dukkan ƙarfinta yana da shekara 17 da wata 11, bayan wata ɗaya sai ta sake shi, ba don haɗarin ya gushe ba, sai don an ɗauka cewa namiji babba ba a fin ƙarfinsa. Wannan zato ne tushen matsalar, kuma shi ne zaton da yake sa wanda abin ya faru da shi ya haɗiye, don ya san tambayar farko da za a yi masa ita ce ina mazantakarsa take lokacin da ake yi masa haka.

Akan ce ai abin ba shi da yawa, alƙaluma ma ba su nuna shi ba. Hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya ta rubuta ƙarar fyaɗe 31,516 a 2022, dukkansu na mata, amma hakan ya faru ne saboda ma'anar laifin ba ta barin a rubuta namiji a wannan layi. Abin da doka ba ta sa wa suna ba, ba a ƙirga shi, sannan a juyo a kafa hujja da rashin ƙirgar. A inda aka buɗe ƙofa ana ganin masu shigowa. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1998, da bakin alƙalanta gaba ɗaya, cewa dokar hana wariya a wurin aiki ta shafi namijin da maza 'yan uwansa suka ci zarafinsa, a shari'ar Joseph Oncale, ma'aikacin dandalin haƙar mai a Tekun Meziko, wanda abokan aikinsa suka riƙa wulaƙanta shi da yi masa barazanar fyaɗe har ya ajiye aikin. Shekaru da dama ke nan kusan ɗaya cikin kowane shida na ƙorafin cin zarafi ta hanyar lalata da ake kai wa hukumar daidaita damar aiki ta Amurka daga maza yake fitowa. Wannan adadi yana tabbatar da abu biyu a lokaci guda: mata ne suka fi shan wahalar da nisa, kuma mazan da abin yake shafa ba ƙalilan ba ne da za a ce a manta da su. Akwai kuma abin da masu fafutukar haƙƙin maza ba su cika son nanatawa ba, wato a fyaɗen da ake yi wa maza a gidajen yari, da ofisoshin 'yan sanda, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da wuraren koyon sana'a, mai aikatawa galibi namiji ne. Don haka kuskure ne a mayar da batun yaƙi tsakanin maza da mata. Batun mai iko ne da wanda yake ƙarƙashinsa.

Koke na biyu, na namijin da aka zarga, yana buƙatar a auna shi da hankali. Ƙazafi yana faruwa, kuma wanda aka yi wa ba ya komawa yadda yake ko da an wanke shi. Dokar POSH ta san da haka, domin sashenta na 14 ya ba da damar hukunta wadda ta kai ƙarar ƙarya da gangan ko ta gabatar da takardun bogi, amma ya ƙara da cewa kasa tabbatar da ƙorafi kaɗai ba ya nufin ƙarya aka yi, sai an bincika an gano mugun nufi. Wannan daidai ne, kuma shi ne bambancin da masu ɗaukar kowace sallama a kotu su ƙirga ta a matsayin ƙarar ƙarya suke tsallakewa, alhali ana sallamar mutum saboda raunin binciken 'yan sanda, ko janyewar shaidu, ko sulhun da aka tilasta. Inda koken yake da ƙarfi shi ne wajen yadda kwamitoci suke gudanar da bincike. Mambobinsu ma'aikata ne da ba su karanci shari'a ba, sau da yawa ba a horar da su ba, ga kuma matsin kamfani na a gama a rufe maganar. A watan Mayun 2023, a shari'ar Aureliano Fernandes, malamin Jami'ar Goa da ɗalibai mata suka kai ƙararsa a 2009 aka kuma kore shi, Kotun Ƙoli ta soke korar saboda kwamitin ya yi gaggawa bai ba shi isasshen lokacin kare kansa ba, ta mayar da maganar a sake bincike. Kotun ba ta ce bai yi ba, ta ce ba a saurare shi yadda ya kamata ba, kuma a cikin hukuncin ta koka kan yadda ma'aikatu da yawa ba su ma kafa kwamitin ba bayan shekara 10 da kafa dokar. Bayan shekara 14, shi bai samu wankewa ba, ɗaliban ba su samu hukunci ba, kuma ba jinsin kowa ne ya jawo hakan ba, sakacin bincike ne.

Akwai wani sashe da ya fi dacewa da wannan koke, wato sashe na 69 na sabon kundin, wanda ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 10 ga wanda ya sadu da mace ta hanyar yaudara, har da alƙawarin auren da ba shi da niyyar cikawa. Yaudarar mace da alƙawarin aure zalunci ne da kowace al'umma ta sani, amma tabbatar da abin da yake zuciyar mutum a ranar da ya yi alƙawari abu ne mai wuya, kuma kotunan Indiya sun daɗe suna faman bambance alƙawarin ƙarya tun asali da soyayyar da ta lalace daga baya. A nan fargabar maza tana da tushe, kuma maganinta shi ne tsaurara sharuɗɗan kama mutum da na hujja.

Ta fuskar tsarin mulki, masu ƙalubalantar dokokin suna riƙe da sashe na 14, wanda ya tabbatar da daidaito a gaban doka ga kowa, masu kare su kuma suna riƙe da sakin layi na uku na sashe na 15, wanda ya bai wa gwamnati damar yin tanadi na musamman domin mata da yara. A fahimtata wannan sakin layi izini ne na ƙara wa mata kariya, kuma yana da wuya a karanta shi a matsayin izinin barin wani ɗan ƙasa babu kariya ko kaɗan daga laifi mai girman fyaɗe. Duk da haka kotuna sun riƙa mayar da ƙwallon ga majalisa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yi a 2018 da aka kai mata irin wannan ƙara, kuma ƙudurin da babban lauya K.T.S. Tulsi ya gabatar a majalisar dattawa a 2019 don buɗe dokokin ga kowane jinsi bai zama doka ba.

Wasu ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila sun riga sun wuce wannan mataki. Kanada ta sauya laifin fyaɗe da laifin da ya shafi kowa tun 1983. Ingila ta amince da fyaɗen maza a 1994, kuma duk da cewa dokarta ta 2003 har yanzu namiji kaɗai take kira mai fyaɗe, ta tanadi wani laifi dabam na tilasta wa mutum yin lalata, wanda mace ma take iya aikatawa kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Afirka ta Kudu, inda fyaɗen mata ya yi ƙamari matuƙa, ta buɗe ma'anar laifin ga kowa a 2007. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019, ta kare dukkan ma'aikata tare da amincewa cewa mata ne suka fi fuskantar abin, wanda ya nuna ana iya riƙe gaskiyar biyu a takarda ɗaya.

Mai karatu a arewacin Najeriya yana da dalilin bin wannan muhawara, domin dokarmu da tasu uwa ɗaya ta haife su. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, an tsara shi ne bisa na Sudan, shi kuma na Sudan bisa na Indiya na 1860, shi ya sa sashe na 282 namu ya yi kama da 375 nasu wajen ɗaukar namiji mai yi, mace wadda ake yi wa, sashe na 284 kuma ya yi kama da 377 wajen rashin bambance wanda ya yarda da wanda aka tilasta, abin da yake sa wanda aka zalunta ya ji tsoron kada ya je kai ƙara a juya tuhumar kansa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta gyara wannan a Abuja da jihohin da suka ɗauke ta, domin ta bayyana fyaɗe a matsayin abin da mutum yake yi wa wani mutum, kuma Najeriya ta rattaba hannu kan Yarjejeniya ta 190 a 2022. A kan wannan gaɓa, a rubuce dai, Najeriya ta sha gaban ƙasar da ta aro kundin daga gare ta.

Gyaran da Indiya take buƙata ba mai yawa ba ne. A kundin laifuka, ko dai a ɗauki shawarar kwamitin Verma a mayar da wanda aka yi wa fyaɗe kowane mutum, ko a ƙara sashe guda da zai hukunta tilasta wa namiji da mata-maza da hukunci daidai da na sashe na 64, wato hukuncin fyaɗen mace. A dokar POSH kuma a sauya matar da aka zalunta da mutumin da aka zalunta, a bar shugabancin mace da rinjayen mata a kwamiti yadda suke idan mai ƙorafi mace ce, a tanadi cewa idan namiji ne ya kawo ƙorafi za a samu namiji a cikin masu sauraronsa. Fargabar ƙarar ramuwa, wadda ita ce ta rusa gyaran 2013, ana iya magance ta a cikin dokar kanta, ta hanyar tanadin cewa duk ƙorafin da wanda ake ƙara ya shigar a kan mai ƙararsa bayan an sanar da shi tuhumar, ba za a saurare shi ba sai an kammala na farko, kuma idan ya tabbata don razanarwa aka shigar da shi, sashe na 14 na dokar POSH zai hau kansa kamar yadda yake hawa kan kowa.